Tsohon soja a majalisa: me David Mark ya tsinana a shekara 20?

Auwal_TudunWada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gareni ga manyanmu da suka ga jiya suka ga yau. Tunda aka ce David Mark ya zama shugaban riƙo na jam'iyyar ADC a watan Yulin 2025 nake ta jin mutane suna cewa wai ai tsohon soja ne, ya san tsari, zai riƙe haɗakar 'yan adawar nan kamar yadda ya riƙe majalisar dattawa shekara 8 ba wanda ya tsige shi. Toh ni dai ban yi wayo a mulkin soja ba, lokacin da ya hau kujerar shugaban majalisa ma ina firamare. Abin da nake so in sani shine, mutumin nan ya yi shekara 20 cur yana sanata, daga 1999 zuwa 2019, shin kakin da ya taɓa sawa ya amfani ƙasa da wani abu a can ko kuwa suna ne kawai? Dalilin tambayar kuma, a mazaɓarmu akwai wani tsohon hafsa da yaransa suka fara yawo da fasta, kullum abin da suke ce mana "soja ne, zai kawo tsaro", mu kuma kun san halin da muke ciki, manomanmu ba sa iya zuwa gonar da ta yi nisa da gari. Ina so in san ko zancen nan yana da tushe kafin in ba shi ƙuri'ata.

Baba_NaMinna

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in baka na farkon labarin, tunda mu a Neja muka fara saninsa tun kafin sauran ƙasa. Mutumin Otukpo ne a jihar Binuwai, ɗan ƙabilar Idoma, an haife shi 1948. Makarantar soja ta Zariya ya yi tun yana yaro, daga nan NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshi, ya fito hafsa a 1970, a sashen sadarwa na soja ya yi aikinsa. Bayan yaƙin basasa shi aka ɗora wa aikin kwamitin gidajen da aka gudu aka bari a Fatakwal, kuma har gobe akwai Inyamurai da ba su huce da shi ba a kan wannan aiki, don da yawansu gidajensu ba su dawo hannunsu ba.

Da Buhari ya yi juyin mulki ƙarshen 1983 sai aka turo mana shi gwamna a farkon 1984, ya zauna har 1986, wato ya haɗa da farkon Babangida kenan. Lokacin WAI ne, shirin yaƙi da rashin ɗa'a, in ka makara a ofis ka tarar an rufe get, manya da furfurarsu suna tsaye a rana. Ni abin da nake tuna masa na alheri shine matsa wa iyaye da ya yi a kan karatun 'ya'ya mata, aka hana a cire yarinya daga makaranta a kai ta ɗakin miji. Mutane sun ji haushi sosai a lokacin wlh, amma wasu daga cikin yaran nan sune daga baya suka zama malaman asibiti da malaman makaranta a garuruwanmu.

Daga nan Babangida ya ba shi ministan sadarwa, a nan ne aka jingina masa maganar nan da ta bi shi har yau, wai tarho ba na talaka ba ne. Shi dai ya sha cewa ba haka ya faɗa ba, an juya masa magana ne. Amma ko ya faɗa ko bai faɗa ba haka abin yake a lokacin, in kana so ka kira ɗanka a Legas sai ka je ofishin waya ka bi layi, ka rubuta lamba a takarda ka miƙa, ka zauna a benci kana jira a kira sunanka, wani lokaci ka wuni layin bai shiga ba. Sai 2001 da GSM ta zo talaka ya riƙe waya. Da Abacha ya karɓi mulki a 1993 aka yi masa ritaya yana Birgediya Janar, ya yi hira da mujallar Newswatch ya soki gwamnatin, sai ya bar ƙasar, bai dawo ba sai da Abacha ya rasu a 1998. Shekara na zagayowa ya tsaya sanatan Binuwai ta Kudu a PDP ya ci. Sauran kuma yaran zamani sun fi ni sani.

AbuKhadija_Zazzau

Allah ya ƙara girma Baba, ka share mana hanya. Malam Auwal in dai ana maganar me ya yi a majalisa, toh dole a fara da yadda ya samu kujerar. Daga 1999 zuwa 2007 mutum 5 suka hau shugabancin majalisar dattawa: Evan Enwerem, Chuba Okadigbo, Anyim Pius Anyim, Adolphus Wabara, sai Ken Nnamani. Enwerem ko wata shida bai cika ba aka sauke shi, Okadigbo bai kai shekara ba, Wabara murabus ya yi a 2005 ana tsakiyar zargin cin hanci na kasafin ma'aikatar ilimi. Sai ga Mark a watan Yunin 2007 ya kayar da George Akume, ɗan jiharsu, ya zauna har 2015 ba tsigewa ba dambe a kan kujerar. Ba wanda ya taɓa yin wannan tsawon a tarihin majalisar. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne, sanatoci 109 kowa da uban gidansa, cikinsu har da tsofaffin gwamnoni da ministoci masu ji da kansu.

Amma babban abin da za a daɗe ana tunawa shine rashin lafiyar marigayi Umaru Musa Yar'adua. Ya tafi Jidda ranar 23 ga Nuwamban 2009 bai miƙa wa majalisa takardar miƙa mulki da sashe na 145 na kundin tsarin mulki ya tanada ba, ƙasa ta zauna wata biyu da ɗoriya ba shugaba a ofis, mataimaki kuma ba shi da ikon sa hannu a komai. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san irin raɗe-raɗin da ake yi, kowa kunnensa na rediyo da asuba yana tsoron jin kiɗan soja. Ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisar Mark ta ce larura ta sa dole, ta ɗauki hirar da Yar'adua ya yi da BBC ta waya a watan Janairu a matsayin sanarwar cewa ba shi da lafiya, ta mai da mataimakinsa Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Lauyoyi da yawa sun ce babu wannan a kundin tsarin mulki, kuma gaskiyarsu ne babu, amma ni a ganina a nan ne sojancinsa ya yi rana, don mutum ne da ya zauna cikin masu juyin mulki, ya san irin ƙofar da suke shigowa ta ita, ya san in aka bar gurbin nan a buɗe wani zai cike shi da tankar yaƙi. Bayan nan kuma a 2010 aka yi wa kundin gyara, karo na farko da gyara ya yi nasara tun 1999, aka sa in shugaba ya yi kwana 21 bai aiko takarda ba majalisa za ta iya ɗora mataimakinsa. A zamaninsa aka yi dokar zaɓe ta 2010, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da dokar yaƙi da ta'addanci ita ma 2011, da dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 duk da matsin lambar Amurka da Ingila. Kaga ba za a ce bai yi komai ba.

TsohonSaje82

Malam AbuKhadija duk abin da ka lissafa gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, amma yaron nan ba wannan ya tambaya ba. Cewa ya yi an ce masa tsohon soja zai kawo tsaro. Toh bari ni da na sa kakin in ba shi amsa, ni ta dafo na shiga a Zariya, inda ake horar da ƙananan soja, kurtu, na tashi da igiya ɗaya ɗaya har na ajiye aiki ina saje.

Auwal ɗana, ka fara sanin cewa soja kala biyu ne. Akwai hafsa akwai mu. Hafsa ta NDA yake shiga, ranar da ya fito da anini ɗaya a kafaɗa samanjan da ya haife shi sai ya sara masa. Wurin cin abincinsu daban, gidajensu a bariki daban, in an yi ritaya ma hanyarsu daban, shi Janar ya tafi da mota da direba da masu gadi, kai kuma ka kwashe kayanka a akori-kura ka koma ƙauye ka fara jiran garatuti. Duk tsofaffin sojan da ka ji sun je majalisar dattawa ka duba, Mark, Tunde Ogbeha na Kogi, Ike Nwachukwu na Abia, John Shagaya da Jeremiah Useni da Jonah Jang na Filato, Mohammed Magoro na Kebbi ta Kudu, Sani Saleh na Kaduna ta Tsakiya, duk manyan hafsoshi ne, da yawansu ma sun yi gwamna ko minista tun suna cikin kaki. Ba sojancin ne ya kai su ba, muƙamin da suka riƙe a mulkin soja da mutanen da suka tara a lokacin ne ya kai su. Ka taɓa jin kofur ya ci sanata?

Yanzu ka duba shekarun da Mark yake riƙe da gudumar shugaban majalisa, 2007 zuwa 2015, ai sune shekarun da Boko Haram ta tashi daga unguwa ɗaya a Maiduguri har ta kafa tuta a Gwoza. Majalisarsa ce ta amince da dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, ta sake tsawaita ta har sau biyu. A ƙarƙashin dokar ta-ɓacin nan aka yanka yara a Buni Yadi a Fabrairun 2014, aka kwashe 'yan matan Chibok 276 a Afrilu. A watan Mayun wannan shekarar yara a barikin Maimalari suka ga an kawo gawarwakin 'yan uwansu, ransu ya ɓaci suka buɗe wa motar kwamandansu wuta. Ban ce sun yi daidai ba, bore bore ne, duk wanda ya yi rantsuwar soja ya san hukuncinsa. Kotun soji ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta ƙara yanke wa wasu 54 a Disamba saboda sun ƙi fita fagen daga, su kuma abin da suke ta faɗa shine ba a ba su makamin da za su tunkari abokan gaba ba. A daidai wannan lokacin Jonathan ya nemi cin bashin dala biliyan 1 don sayen makamai majalisa ta sa masa hannu. Bayan an sauka a 2015 sai ga maganar dala biliyan 2.1 ta ofishin Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan tsaro, ta fito, kowa ya ji inda ake zargin kuɗin makamai sun bi. Sai a Disambar 2015 aka mayar wa yaran hukuncinsu ɗaurin shekara 10.

Abin da yake ci min rai kenan wlh. Sanatan da ya karanta lauya ko ya fito daga kasuwa in aka kawo masa takardar sayen makamai zai iya cewa bai gane ba, amma Birgediya Janar ya san harsashi nawa ya kamata a ba soja ɗaya, ya san motar sulke da ta mutu da mai tafiya, ya san yadda ake cin alawus ɗin yara a hanya kafin ya iso bakin daga. Majalisa tana da ikon kiran kowa ta tuhume shi, tana da ikon riƙe kuɗi har sai an yi mata bayani. Ni ban ga an yi amfani da wannan ikon yadda ya dace da jinin da aka zubar ba. Kuma na san dalili, wanda zai tuhuma ɗin ko yaronsa ne da ya koyar ko abokin kwas ɗinsa ne, su kuma hafsoshi ba sa tona wa juna asiri a gaban farar hula, tarbiyyar da aka yi musu kenan tun suna kadet.

Mu kuma 'yan fansho kar ma a yi magana. Na je tantancewa na ga dattawan da suka yi yaƙin basasa, wani ido ya tafi jikansa ke jansa, takardun sallamarsa a cikin leda baƙa ya ɗaure da kyauron roba ya rungume a ƙirji, sun shimfiɗa kwali a bakin get sun kwana a nan don kar layi ya wuce su. A lokacin nan tsohon soja ne mutum na uku a ƙasar.

Maman_Khalifa

Baba Saje Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da ke raina. Ni a Maiduguri na yi waɗannan shekarun, maƙwabciyata mijinta soja ne ya rasu a daji, ko wata uku ba a yi ba aka fara yi mata maganar ta tashi daga ɗakin bariki, da yara huɗu. Mu lokacin ba ruwanmu da waye shugaban majalisa ko ya daɗe ko bai daɗe ba, an kashe layin waya wata da watanni, in mijinki ya fita kasuwa sai dai addu'a har ya dawo. Auwal ƙanina ka tambayi mai neman ƙuri'ar taku me ya taɓa yi wa matan sojojin da suka mutu a ƙarƙashinsa, in yana da amsa za ka ji ta a bakin matan ba a bakin yaransa ba.

AbuKhadija_Zazzau

Baba Saje na ji kuma jikina ya yi sanyi. Abu ɗaya kawai zan ƙara don adalci, shugaban majalisa ba shi ke ba soja umarni ba, babban kwamandan askarawa shugaban ƙasa ne, sanata ko Janar ne shi ba zai iya tura ko soja ɗaya ƙauyenku ba. Wannan ma Auwal ya riƙe shi, duk ɗan takarar majalisa da ya ce zai kawo tsaro a tambaye shi ta wace hanya, don aikinsa doka ne da kasafi da bin diddigi, shikenan.

Amma a kan bin diddigin na yarda da kai, kuma ina ganin zaman lafiyar da ya samar a zauren ma da tsadarsa ya zo. A zamaninsa kasafin majalisar tarayya ya kai naira biliyan 150 a shekara ba wanda ya san yadda ake raba shi, da Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan babban banki ya ce a 2010 kashi 25 cikin 100 na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya majalisa ke cinyewa, ai kiransa suka yi ya zo ya ba da haƙuri, shi kuma ya ƙi. Sannan a Janairun 2014 da sanatoci 11 irin su Saraki da Goje da Abdullahi Adamu suka rubuta takardar sauya sheƙa zuwa APC, Mark ƙin karanta ta ya yi a zaure ya ce magana tana kotu. Ya iya riƙe gida, ya iya kare jam'iyya da gwamnati, a nan ya fi ƙarfi. Ko da yake ranar 20 ga Nuwamban 2014 da 'yan sanda suka tare Tambuwal kakakin majalisar wakilai a get suka harba barkonon tsohuwa har 'yan majalisa suna haura katanga, shi da kansa ya taka zuwa zauren wakilai, hayaƙin ya same shi, ya fito ya rufe majalisar gaba ɗaya. Wannan ranar kam ya tsaya wa majalisa ba gwamnati ba.

Sani_MaiDoya

Ni ina zuwa Binuwai saro doya da lemo, Otukpo ba baƙon gari ba ne a wurina, bari in faɗi abin da ido ya gani. Mutanensa sun kasu biyu a kansa. Wasu suna alfahari da shi sosai don Idoma 'yan tsiraru ne a jihar, Tibi ne ke yin gwamna kullum, shi ne ya sa aka san da su a Abuja, yana da gidan rediyo a garin, Joy FM, da filin wasan golf, kuma kowace shekara ana gasar ƙwallon kwando da sunansa. Wasu kuma za su ce maka shekara 20 ga hanyoyinsu ga matsalar ruwan sha, in rani ya yi ka ga mata da yara da jarkoki tun duhun asuba, sabuwar jihar Apa da aka yi ta yi musu alkawarin za a cire musu daga Binuwai ma ba a samu ba. Kuma zaɓensa bai taɓa zuwa da sauƙi ba fa, abokin takararsa Young Alhaji ya ja shi kotu, Janar Lawrence Onoja shi ma tsohon soja ya kara da shi a 2011, na 2015 kuma kotu soke shi ta yi sai da aka sake a Fabrairun 2016 ya kayar da wani matashi Daniel Onjeh. A wannan watan ne kuma aka yi kashe-kashen Agatu, wadda a cikin mazaɓarsa take, kaga ko gidansa sojancin bai hana ba. Zangonsa na ƙarshe jaridu sun yi ta rubuta cewa da wuya a ji muryarsa a zaure. Ya nemi tikitin shugaban ƙasa a PDP a Fatakwal 2018 ya samu ƙuri'a 35, Jang ya samu 19, Atiku ya ɗauka. Abba Moro ne ya gaje shi a 2019, 'yar Mark ɗin Blessing Onuh kuma ta shiga majalisar wakilai a shekarar.

Auwal_TudunWada

Nagode ƙwarai iyayena da yayyena, wlh na ƙaru. Baba Saje toh in mutumin namu ya zo taro a unguwa me kake ganin ya kamata mu tambaye shi takamaimai? Don in muka bar shi da lasifika labarin yaƙin Laberiya da Saliyo zai yi ta ba mu har magariba.

TsohonSaje82

Ku bar shi ya ba da labarin Laberiya ɗin, in ya je da gaske haƙƙinsa ne, mun binne mutane da yawa a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Amma kafin ranar taron ku nemi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ba hafsoshi ba, kofur da saje da direbansa da mai dafa masa abinci, kowane gari akwai 'yan fansho kuma mun san juna, ku tambaye su lokacin da yake kwamanda alawus yana isowa cikakke ko ana yanka, in yaro ya ji rauni yana zuwa asibiti duba shi ko sai dai ya aiko. Sannan a taron ku tambaye shi wane kwamiti zai nema in ya je, don a can ake aikin ba a zaure ba, a 2023 kwamitin sojan ƙasa na dattawa tsohon Laftanar Kanar aka ba shugabancinsa, Abdulaziz Musa Yar'adua na Katsina ta Tsakiya, ku ce masa in an ba shi irin wannan kujera zai iya kiran tsohon mai gidansa ya zo ya yi bayanin kuɗin makamai a gaban kyamara ko ba zai iya ba, kuma ya faɗa da bakinsa ku ɗauka a waya ku ajiye. In kun sa ranar ka turo min saƙo, akwai abokan aikina biyu a wajenku zan haɗa ka da su.